Sawun Kare a Farar Shaddata

Ɗan ƙanwata ne ya kammala digirinsa na uku a Mancesta, ya dage sai na je bikin yaye su a watan Yulin 2024, tunda mahaifinsa ya rasu, ni ne uban da ya rage masa. Kuɗin biza kaɗai fam 115 ne, a lokacin da fam ɗaya take neman naira dubu biyu. Shi ya biya, ni nawa zirga-zirgar kai fasfo da dangwala yatsa. Ana gobe zan tashi ya kira ni ya ce, "Kawu, don Allah kada ka sako kilishi. Nama da madara daga wajenmu ba sa shiga ƙasar nan, kuma karnuka ne ke binciken kaya." Na yi dariya, amma dai na zaro ƙunshin kilishin da uwargida ta riga ta cusa a ƙasan akwati, na bar kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi, muka yada zango a Doha, washegari muka sauka Mancesta. Jami'in shige da fice tambaya uku ya yi mini: wajen wa na zo, kwana nawa zan yi, me nake yi a gida. A wajen ɗaukar kaya na haɗu da karen farko. Ɗan ƙarami ne mai dogayen kunnuwa, yana bin akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan nawa ya tsaya, ya ja numfashi daidai inda daddawar take, gabana ya faɗi. Mu dai an ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Wannan bai ɗauki komai ba, ya ɗaga kai ya dubi matar da ke riƙe da shi, suka yi gaba. Ko kallona bai yi ba.

Biki ya yi kyau, aka yi hotuna, aka ci shinkafa. Kwana biyu bayan nan yaron ya ce ba zan koma Kano in ce gine-ginen Mancesta kaɗai na gani ba, zai kai ni yankin tafkuna da tsaunuka da ke arewa maso yammacin Ingila, wanda suke kira Lake District. Mu huɗu muka kama hanya: ni da shi da matarsa da 'yarsu mai shekara biyar, wadda tun da na sauka take kirana mijinta tana cewa ba ta son gemuna.

Gara in faɗi tun yanzu, ni da kare ba ma shiri, kuma ina da dalili. Ina ɗan shekara tara wani kare ya cafke ni a sharaɓa a bayan gidan kakata, ba a san mai shi ba, ba a sake ganinsa ba. Allura goma sha huɗu aka yi mini a ciki, kullum ɗaya, don gudun ciwon haukan kare. Tabon yana nan har yau. Don haka da na ga wani mutum a tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly yana jan wani jibgegen kare mai faffaɗan ƙirji da takunkumi a bakinsa, sai da na koma bayan yaron. Ya ce in kwantar da hankalina, irin wannan shi ake kira XL Bully, tun ƙarshen Disambar 2023 doka ta hana a fito da shi ba takunkumi da igiya, kuma daga 1 ga Fabrairun 2024 ko ajiye shi a gida laifi ne sai da takardar izini. Na ce to sauran fa? Ya ce sauran ko jirgi za su shiga ba mai hana su, kowane fasinja yana da damar shigowa da kare biyu kyauta.

Muka zauna a kujeru masu teburi, wani dattijo da jarida yana fuskantata. Fiye da awa ɗaya da rabi muna tafe, muka wuce Preston, muka wuce Lancaster, ƙasa ta fara tudu da gangare, tumaki ko'ina. Na ci biskit, na miƙe ƙafafu, har na ɗan yi gyangyaɗi. Sai da muka iso Penrith za mu sauka, dattijon ya naɗe jaridarsa ya yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa, kawai na ga wata baƙar karya ta fito daga ƙarƙashin teburin, daidai inda ƙafafuna suke tun Mancesta. Salati ya kuɓuce mini. Jikata ta yi ta ƙyalƙyala dariya, wai ita tun tuni ta gan ta. Dattijon ya ba ni haƙuri, ya ce da ya san ba na so da ya canja wurin zama.

Jirgi ba ya zuwa garin da muka nufa, an rufe layin tun 1972, don haka bas muka hau, fam biyu kowa, tafiyar kusan minti arba'in ba shingen bincike ko ɗaya. Keswick ake rubuta sunan garin, amma Kezik suke faɗa. Ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa wajen dubu biyar, ga tsaunin Skiddaw a bayansa, ga tafkin Derwentwater a gabansa. Kasuwarsa tana ci Alhamis da Asabar a filin da ke tsakiyar gari, gefen wani tsohon gini mai hasumiya da agogo. Da fensir aka san garin a da, saboda baƙin dutsen da ake yin bakin fensir da shi da aka samu a kwarin Borrowdale, har gidan tarihin fensir gare su. Amma yau da karnuka aka fi saninsa. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar, Kennel Club, ta ba shi lambar garin da ya fi karɓar karnuka fiye da sau ɗaya.

Gani ya kori ji. Kusan ƙofar kowane shago akwai kwanon ruwa a ajiye, kamar yadda ake ajiye randa a ƙofar gida don masu wucewa, sai dai wannan na kare ne. A jikin gilashi an manna hoton tafin kare, alamar ana maraba da su. A kan kantar mai shago akwai kwalbar biskit ɗin kare kusa da ta alewar yara. Na ga firji guda na askirim ɗin karnuka, ƙaramin kofi fam uku. Na lissafa a zuci, naira dubu shida ke nan, na ja bakina na yi shiru. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Tsumman da na samu shi ne na daina tsallakewa ɗaya gefen titi duk lokacin da na hango kare, don in da haka ne yini zan yi ina tsallake-tsallake.

Masaukinmu gidan wata mata ne mai ɗakuna shida, fam 110 kowane ɗaki har da karin kumallo, mai kare kuma ya ƙara fam goma. A zauren shiga akwai kwandon tsofaffin tawul don goge ƙafar kare. Yaron ya ɗan yi kame-kame kafin ya tambaye ta ko akwai ɗakin da kare bai taɓa kwana ba. Ko a jikinta. Ta ce ɗakuna biyu na sama ba ta sa mai kare a ciki, saboda akwai masu atishawa da ƙaiƙayi in sun shaƙi gashinsa, akwai kuma waɗanda kawai ba sa so. Ta ba ni ɗaya. Da na shimfiɗa dardumata ban yi wasiwasi ba. Magariba a lokacin sai goma saura na dare, na yi ta zaman jiran rana ta faɗi kamar mai azumi.

Washegari da hantsi na saka farar shaddata, wadda na ɗinka musamman don bikin yaye ɗaliban, saboda matar yaron ta ce za a yi hotuna a bakin tafki. An yi yayyafi da asuba, ƙasa a jiƙe take. Muka shiga wani shagon shayi mai teburi kamar goma, a matse, kujera tana gogar kujera. Na ƙirga karnuka biyar a ciki. Huɗu suna kwance a ƙarƙashin teburan masu su, kai a kan ƙafa. Na biyar kuwa wani mai murɗaɗɗen gashi ne ruwan ƙasa, jiƙe sharkaf, na wasu mata da miji da ba su wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Igiyarsa irin mai maƙunni ce, wadda take warwaruwa da kanta kamar tef ɗin tela, kare ya yi nisan mita biyar mai shi yana zaune. Dukansu biyu kansu yana kan waya.

Muka yi odar shayi fam uku-uku, da wani burodi mai ɗan tauri da suke kira skon, ana tsaga shi a shafa jam da kirim. Yarinyar da ke kawo abinci ta taho da tire, ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar kamar mai wasan 'yar igiya, ka san ba yau ta fara ba. Tana ajiyewa karen ya iso. Kafin in ce wani abu ya ɗora ƙafafunsa biyu na gaba a kan cinyata, ya miƙo hanci har ƙirjina, ya lashi bayan hannuna. Na miƙe zumbur, shayi ya fantsama, kujera ta faɗi. Shi kuwa ya juya ya wawuri rabin skon ɗin da ke hannun jikata, ya haɗiye. Yarinya ta fashe da kuka, ita da take son karnuka kamar me. Na dubi rigata: sawu huɗu na taɓo, biyu a cinya, biyu a kan aikin wuya, kowanne da yatsunsa ɓaro-ɓaro kamar an buga hatimi.

Sai a lokacin matar ta ɗago kai. Ba ta tashi ba, ba ta ja igiyar ba. Murmushi ta yi ta ce, "Kada ka damu, ba ya cizo, gaisawa kawai yake son yi." Mijin ya ƙara da cewa ai yana son mutane ne sosai. Suka kira shi da wani suna irin na 'yan Adam, sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu, kare ko waiwaye, yana can yana lasar jam a ƙasa.

Maganar tsarki ba ita ta dame ni ba. Mu 'yan mazhabar Malikiyya an karantar da mu tun muna zaure cewa duk mai rai mai tsarki ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki bin umarni ne, ba don najasa ba. Yaron ya ce abokansa 'yan Somaliya da Malesiya, masu bin Shafi'iyya, da su abin ya samu sai sun wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ni abin da ya tsaya mini a wuya kalmar nan ce, "kada ka damu". Karenka ya hau ni, ya ɓata mini riga, ya ƙwace abincin yarinya, sannan kai ne za ka yanke mini hukuncin ko in damu ko kada in damu? A gida ko akuyarka ce ta shiga gonar maƙwabci, kai ne da zuwa ba da haƙuri, ba ka tsaya daga nesa ka ce ai tana son ganye ne. Na buɗe baki zan yi magana, yaron ya riƙe mini hannu, ya ce da Hausa, "Kawu, yi haƙuri, mu baƙi ne."

Ashe akwai mai rama mana. Wata tsohuwa a teburin kusa da taga, gashi fari fat, da sandar tafiya a jingine, ta ajiye kofinta ta ce da matar, ba tare da ta ɗaga murya ba, "'Yata, mutumin nan bai tambaye ki ko karenki yana cizo ba. Ki naɗe igiyar nan, ki sa shi ƙarƙashin teburinki, sannan ki biya wa yarinyar nan abincinta." Shago ya yi tsit. Fuskar matar ta yi jawur. Mijin ya yi gunaguni cewa ai an rubuta a ƙofa ana maraba da karnuka. Tsohuwar ta nuna ƙarƙashin kujerarta, inda wani tsohon kare mai furfura a baki yake kwance, ta ce, "Shekara goma sha ɗaya muna zuwa nan da shi. Irinku ne za ku sa a cire takardar."

Sun biya, a gaskiya. Matar ta zo ta ba da haƙuri a daƙile, suka kwashi karensu suka fita. Tsohuwar ta sa aka kawo mini tsumma da ruwan ɗumi, ta hana ni gogawa, ta ce in bar taɓon ya bushe tukuna in karkaɗe, in na goga yanzu zai shige cikin zaren. Muka ɗan taɓa hira. Na ɗauka duk mai kare a ƙasar nan bayan ɗan'uwansa zai bi, sai na ji ta fi ni jin haushi. Ta ce ita kafin ta shigo ko'ina sai ta gajiyar da karenta da tafiya, ya yi fitsarinsa da kashinsa a waje, ta goge masa ƙafa, sannan ta nemi teburin lungu inda ba a wucewa. Ba ta ba shi komai daga faranti, don in ka ba shi yau, gobe teburin wani zai je roƙo. In ya fara ƙugi ta san zama ya ƙare, ko da shayinta bai huce ba. Jikata, da hawaye bai gama bushewa ba, ta matsa ta tambaye ta ko za ta iya taɓa shi, haka aka koya musu a makaranta, ba a taɓa kare sai an tambayi mai shi. Tsohuwar ta ce ta fara miƙa masa bayan hannu ya shinshina. Ta kuma nuna mata cewa in ta ga kare da rawayar igiya ko rawayan ƙyalle a wuya, ma'anarsa a ba shi wuri, matsoraci ne ko marar lafiya.

Da muka zo biyan kuɗi na tambayi yarinyar shagon me ya hana ta yi musu magana tun farko. Ta waiga ta ga ba kowa kusa, ta ce in ta yi magana yanzu, kafin yamma sun hau intanet sun rubuta cewa shagon nan ba ya son karnuka, a gari irin wannan kuwa wannan rubutun ya isa ya kashe kasuwa. Ta ce ta taɓa faɗuwa da tiren shayi mai zafi saboda irin igiyar nan.

Aka yi hotunan bakin tafki, ni ina rungume da jikata a gaba don ta rufe sawun. Muka shiga kwalekwalen haya mai inji muka tsallaka Derwentwater zuwa gindin tsaunin Catbells, mai tsawon mita 451, wanda yara ma suke hawa amma ni na tsaya a rabi. A nan na ga tumakin da suke kira Herdwick, 'ya'yan baƙaƙe, iyayen toka-toka da farar fuska. Ba shinge a saman tsaunin, kowace tunkiya ta san yankin da uwarta ta yi kiwo, ba ta ƙetarewa. A ƙofar shiga makiyayar an kafa allo: daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita biyu ba, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kusa da dabbobi kuwa ko wane wata ne. Yaron ya ce doka ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ke farautar tumakinsa, matuƙar ba wata hanyar tsayar da shi. Duk da haka a gabanmu wani saurayi ya saki nasa, yana ta ƙwala masa kira daga nesa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a hanyar shi ne 'yan baƙaƙen ledoji da na riƙa gani a rataye a reshen bishiya da jikin shinge, an ƙulle bakinsu tsaf. Na ɗauka wani abin tsafi ne irin na mutanen wurin. Matar yaron ta rufe baki tana dariya, ta ce kashin kare ne. Doka ta ce ka kwashe, in ba haka ba tara har fam 100 nan take, to sai mutum ya kwashe don idon jama'a, in ya sha kwana ya rataye wai zai ɗauka a dawowa. Wato ya ɗauki abin da ruwan sama zai wanke cikin mako guda, ya adana shi a leda ya shekara.

Wajen la'asar hadari ya haɗo daga kan tsauni, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka gangara wani ƙauye, ba inda za a fake sai gidan da suke kira pub. Na tsaya a ƙofa ina jiƙewa, don na san gidan giya ne. Yaron ya ce, "Kawu, a ƙauyukan nan shi ne gidan abinci, shi ne zauren hira. Ko nan ko ruwa." Mai zargi ya zarga, na shiga. Muka zauna a ɓangaren masu cin abinci, nesa da kantar. Ya tambaya ko akwai giya a ƙullun da suke soya kifi da shi, aka ce akwai, don haka muka ci gasasshen dankali da wake da cuku, da miyar ganye mai zafi, kusan fam goma sha biyu kowa. Ƙasan wurin shimfiɗar dutse ce, ga murhu ana hura wuta a watan Yuli, warin jiƙaƙƙen gashin kare da na jiƙaƙƙun riguna ya cika ko'ina. A jikin bango an rubuta da alli: kare a ƙasa, igiya a hannu, mai haushi ya fita ya sha iska.

A teburin da ke gabanmu wata mata ta ɗora 'yar mitsitsiyar karyarta a kan kujera, ta tura mata farantin da ta gama ci tana lashewa. Farantin gidan, wanda gobe za a zuba wa wani. Cokalina ya tsaya a hannu. Can gefe kuma wani makaho ne da matarsa, karen jagoransa ruwan zuma yana kwance da kayan aikinsa a jiki. Wasu matafiya suka shigo da babban kare, 'yar mitsitsiyar ta hau haushi, wata irin murya mai huda kunne, babban ya mayar mata, wani daga lungu ya karɓa. Minti biyar ba mai jin maganar wani. Matar tana shafa ta tana cewa yi shiru 'yar lele, tana ba ta soyayyen dankali, wato ladan haushin. Da ta ga karen makahon bai ko motsa ba, sai ta miƙa masa dankali shi ma, tana yi masa 'yar murya. Makahon ya ji, ya ce, "Don Allah bari, yana bakin aiki."

Mai gidan ya fito daga bayan kanta, wani ƙaƙƙarfan mutum da tawul a kafaɗa. Ya ɗauke farantin tukuna, ya ce ta sauke karyar ƙasa, in kuma ba za ta yi shiru ba a fita da ita har ta huce. Matar ta ce ai an ce ana karɓar karnuka a nan. Amsar da ya ba ta na sa yaron ya maimaita mini don kada in yi kuskuren ji. Ya ce karɓar kare ganin damarsa ne, ba dokar da ta hana shi, in dai ba a madafa ba, ba kuma wadda ta tilasta masa. Kare ɗaya ne a ɗakin nan da dokar daidaito ta 2010 ta ce dole ya buɗe wa ƙofa, ya nuna na makahon, kuma shi ne bai ce uffan ba tun da ya shigo. Matar ta saɓi karyarta ta fita rumfar waje, ruwa yana zuba.

Kusa da murhu wani dattijo ne da hular ulu da takalmin roba, hannayensa duk kanta. Ya ga shaddata da sawun da ke jiki, ya ce da alama na riga na gaisa da mutanen gari. Makiyayi ne, tumakin da muka gani a tsauni har da nasa. Na tambaye shi ina nasa karen, ya yi wani ɗan siririn fito, sai ga kai baƙi da fari ya leƙo daga ƙarƙashin bencin, ya sake wani fiton, kan ya koma. Ya ce da fito yake juya shi a kan tsauni daga nisan da murya ba ta kaiwa, dama daban, hagu daban, kwanta daban. A ganinsa abin ya lalace ne tun kullen korona na 2020. Mutane suna zaune a gida ba abin yi, kowa ya sayi ɗan kwikwiyo, farashi ya ninka, karnukan suka girma ba su saba da baƙo ba, ba su saba a bar su su kaɗai ba. Da aka buɗe gari mai kare ba ya iya fita ya bar shi, sai ya ja shi duk inda za shi, ko karen yana so ko ba ya so. Ya ce rabin masu haushin nan tsoro ne ke cinsu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne lokacin da tumaki ke da ciki: kare ko bai ciji tunkiya ba, in ya kora ta sai ta yi ɓari, mai shi kuwa ya ce wasa yake yi.

Ya tambaye ni mu ma muna da karnuka? Na ce muna da su, na 'yan farauta da na gadi da masu bin makiyaya, amma iyakarsu tsakar gida ko ƙofar gida, ba mai kai su teburin mai shayi. Na so in tsaya nan, sai na ga ba adalci, na ƙara masa da cewa yaranmu in sun ga kare a lungu dutse suke nema, kuma ba kasafai babba ke tsawata musu ba. Na gaya masa karin maganarmu, cewa an ce wa kare ana biki a gidanku, ya ce in gani a ƙasa. Yaron ya fassara, dattijon ya yi dariya har da buga benci, ya ce nasu karnukan a faranti suke gani. Da za mu tafi ya ce ko zan taɓa nasa. Na dubi kan nan baƙi da fari, na tuna bayan gidan kakata, na ce na gode, wani jiƙon. Bai matsa ba.

Kwana uku muka yi, muka koma Mancesta ta hanyar da muka zo, wannan karon sai da na leƙa ƙarƙashin teburi kafin in zauna. Shawarar tsohuwar ta yi rabin aiki: taɓon cinya ya karkaɗe, na kan aikin wuya ya shige cikin zare. Da na dawo Kano na kai wa mai wankin unguwarmu. Ya baza rigar a kan benci, ya kai fuska kusa, ya ce, "Alhaji, kyanwa ce ta taka ka?" Na ce kare ne. Ya ce, "Kare? A ina?" Na ce a wajen shan shayi. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce in dawo jibi, amma aikin wuyan bai yi alkawari ba.